Yadda zaka yi mastas na kwamfuta alhali digirinka na farko ba kwamfuta ba ne

Ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ka karanta tarihi ko shari'a ko bayoloji ko akanta, yanzu kuma zuciyarka ta koma kan kwamfuta kana ta tambayar kanka wai shin sai ka koma aji ɗaya ka sake digiri na shekara huɗu, to amsar ita ce a'a, akwai mastas da aka gina musamman domin irinka, kuma ba sabon abu ba ne. Jami'ar Kambirij ta Ingila tun 1953 ta buɗe difloma ta shekara ɗaya a fannin kwamfuta, waɗanda suka gama digiri a wasu fannoni take ɗauka, an yi ta yinta har 2008. Manyan fannin ma da yawa daga wani layi suka shigo, Tony Hoare Latin da Girkanci da falsafa ya karanta a Oksfod, shi ne ya ƙirƙiro Quicksort, wata hanyar jera bayanai cikin sauri, wajen 1960, a 1980 aka ba shi lambar Turing, babbar lambar yabo ta fannin kwamfuta. Edsger Dijkstra fiziks ya karanta, haka Tim Berners-Lee da ya kawo mana yanar gizo a 1989. Toh kaga ƙofa a buɗe take. Abin da ke kayar da mutane shi ne gudun da karatun yake yi, abin da ɗan digirin farko ya yi shekara uku ko huɗu yana taunawa a hankali kai za a zuba maka gundarinsa cikin watanni, saboda haka rabin aikin tun kafin ka cike fom ake yinsa.

Mataki na farko, gwada kanka tukuna

Kar ka biya ko sisi sai ka zauna ka rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, da hannunka na sati shida zuwa takwas. Iya Word da Excel da gyaran waya daban, kimiyyar kwamfuta daban, mutane da yawa suna haɗa biyun sai sun shiga aji su ga ba haka ba. Hanya mafi sauƙi ita ce kwas ɗin CS50 na jami'ar Harvard wanda David Malan yake koyarwa, kyauta ne a intanet, ana farawa da Scratch a shiga C sannan Python da SQL, duk yarukan kwamfuta ne, kuma asayimen ɗinsa suna da wuya yadda ya kamata, shi ya sa nake son sa a matsayin gwaji. Ba kallon bidiyo ake nufi ba fa, kallo daɗi gare shi, zaka ji kamar ka gane komai, ranar da aka ce rubuta naka sai kan ya tsaya cak. Asayimen ɗin su ne gwajin.

Abin da zaka lura da shi a kanka shi ne wannan: ranar da kod ɗinka ya ƙi aiki, ka yi awa biyu kana nema ashe waƙafi ɗaya ne ka manta, yaya ka ji? Haushi dole ne, kowa yana ji. Amma in bayan haushin ka ji wani daɗi har kana son ƙara wani, to layin nan zai karɓe ka. In kuwa duk lokacin da ka buɗe laftof sai ka ji ƙirjinka ya yi nauyi sati bayan sati, gara ka sani yanzu da ka sani bayan ka ajiye aikinka. Kuma don Allah a wannan lokacin kar ka bari ChatGPT ko waninsa ya rubuta maka amsa, ka tambaye shi ma'anar saƙon kuskure ba laifi, amma in shi ya yi aikin to shi ka gwada ba kanka ba.

Na biyu, ka san irin mastas ɗin da kake nema

Nan mutane suke yawan ɓata, saboda suna ɗaya ne amma kaya daban. A Birtaniya ana ce masa kwas ɗin kwanbashan, wato na sauya layi, wata 12 ne cur, ana farawa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Imperial da UCL a Landan suna da shi, haka Birmingham da Bristol da Glasgow, kuma da yawansu in ma digirinka na kwamfuta ne ba za su ɗauke ka ba don ba kai aka yi wa ba. Kiredit 180 ne, 120 na darussa 60 na furojet, a lissafinsu kuma kowane kiredit awa 10 ne na aiki, kenan awa 1,800, in ka raba a shekara kusan awa 35 duk sati ba hutu, kuma ga wanda yake sabo yakan wuce haka. Ka riƙe wannan lambar a kanka kafin ka ce zaka haɗa da aiki na cikakken lokaci.

A Amurka sun fi ja da tsawo. Jami'ar Pennsylvania tana da mastas mai suna MCIT, darasi 10 ne, shida dole huɗu zaɓi, ana yi a aji ana yi ta intanet. Northeastern tana da Align, zaka fara da simesta biyu na share fage sannan ka haɗe da sauran 'yan mastas, gaba ɗaya shekara biyu da rabi zuwa uku. A Ostireliya kuma jami'o'i irin su Melbourne da Monash suna da mastas na fasahar sadarwa na shekara biyu da ke karɓar mai kowane digiri. Sai wata hanya da ake bi a ƙasashe da dama, ka fara yin PGD, wato difloma ta bayan digiri, a kwamfuta na kamar shekara guda, in sakamako ya yi kyau ka wuce mastas na ainihi, ta fi tsawo amma ni ina ganin mutuncinta sosai ga wanda ya daɗe da barin lissafi.

Wurare biyu da zan ja kunnenka. Mastas ɗin OMSCS na jami'ar Georgia Tech da aka fara a 2014 ya yi suna saboda arha kuma ta intanet ake yi, amma ba na 'yan farko ba ne, suna son ganin shaidar ka riga ka yi darussan kwamfuta na asali, in ka kutsa ba shiri zaka sha wuya. Sai Jamus, yawancin mastas ɗinsu ci gaba ne na digirin farko, za su ɗauki tiranskirif ɗinka su ƙirga kiredit nawa ka yi a kwamfuta da lissafi, in bai kai ba shi kenan komai kyan takardarka. Kuma ko ina ne, in ka ga kalmar da ke nuna mai zurfi ne ko na ƙwarewa a sunan kwas, je ka karanta sharuɗɗan shiga da kyau, galibi na waɗanda suka riga suka yi digirin ne.

Na uku, karanta jerin darussa ba sunan kwas ba

Suna ba ya koyar da kowa. Buɗe shafin kwas ɗin ka nemo darussan dole, abin da nake so ka gani shi ne firogiramin, wato rubuta kod, na gaske simesta guda ko biyu, tsarin ajiye data da algoridim wato matakan warware matsala, rumbun bayanai da SQL, yadda kwamfuta take aiki daga ciki wato memori da furosesa da manhajar da ke tafiyar da na'ura, sadarwa tsakanin kwamfutoci, da yadda ake gina manhaja a ƙungiya. In ka duba ka ga duk darussan gudanarwa ne da kasuwanci da rubuta rahoto, firogiramin ɗin kuma ɗan guntu ne na zaɓi, to wannan ba zai mai da kai mai gina manhaja ba, ko da kuwa an rubuta kwamfuta da manyan baƙi a satifiket.

Bari in tsaya kan algoridim kaɗan don shi ne abin da ya raba wanda ya yi karatun da wanda ya tsinci kod a YouTube. Ka ɗauka kana da sunaye miliyan ɗaya a jere bisa haruffa kana neman guda. In ka bi ɗaya bayan ɗaya zaka iya duba miliyan ɗin duka. In kuwa ka buɗe tsakiya ka ga sunan yana gaba ne ko baya, ka yar da rabi, ka sake buɗe tsakiyar abin da ya rage, haka haka, dubawa 20 ta ishe ka, saboda 2 in ka ninka ta sau 20 ta haura miliyan, 1,048,576. Kwamfuta ɗaya, data ɗaya, amma wancan miliyan wannan 20. Irin tunanin nan ake biyan kuɗin makaranta a koya, kuma shi ake tambaya a intabiyu na kamfanonin manhaja, to kwas ɗin da babu shi a darussan dole ni dai ba zan ba ka shawararsa ba.

Wani abu kuma, yanzu kowa ƙirƙirarriyar basira yake so ko kimiyyar data, sunan yana da daɗin faɗa. Ba laifi, amma ka sani waɗannan lissafi ne a ƙasansu, aljabarar matiris, kalkulas, lissafin yiwuwa da ƙididdiga. Wanda ya fito daga fiziks ko injiniyarin ko tattalin arziki zai iya shiga kai tsaye. Wanda rabonsa da lissafi tun sakandare, gara ya ɗauki na kwamfuta gama-gari ya zaɓi darasi ɗaya ko biyu na wancan ɓangaren.

Na huɗu, shirin wata shida

Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan matakin shi ne wanda in ka yi shi da kyau shekarar zata zo maka da sauƙi. Duba yaren da kwas ɗin yake koyarwa da shi, yawanci Java ne ko Python, wasu C ko C++, ka ɗauki wannan ɗin shi kaɗai. Kar ka yi ta tsalle yau Python gobe JavaScript jibi wani, yare ɗaya da ka iya sosai ya fi biyar da ka san gaisuwa kawai a cikinsu, in ka riƙe ɗaya na biyun sati kaɗan zai ɗauke ka. Wata biyu na farko ka tabbata ka iya bariyebul wato suna mai riƙe da wani bayani, sharaɗi wato in kaza ne yi kaza, luf mai maimaita aiki, fonshin wato guntun kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki, jeri, da karanta fayil da rubuta shi, har ya zama ba sai ka leƙa ko ina ba. Wata na uku da na huɗu ka shiga kilas da objet wato haɗa data da ayyukan da ake yi da shi wuri guda, da rikoshin wato fonshin mai kiran kansa, wannan yana rikita kusan kowa da farko, ka ɗauki biro da takarda ka bi shi kira bayan kira har ka ga inda yake tsayawa ya dawo, da takarda ake gane shi ba da kallon allo ba.

Gefe guda kuma lissafi, ko da minti 30 ne kullum. Wanda ake buƙata shi ne wanda suke kira diskirit: mantiƙi na gaskiya da ƙarya, saiti, yadda ake kafa hujja mataki mataki, ƙirga hanyoyi nawa abu zai iya faruwa, giraf na ɗigo da layukan da suka haɗa su, da logaridim, wanda shi ne sirrin 20 ɗin can ta sama. Albishir ga 'yan shari'a da falsafa, kafa hujja ba baƙonku ba ne, alamomin ne kawai sabbi.

Sai ƙananan abubuwa biyu da malamai suke ɗauka kowa ya sani alhali ba wanda ya koya maka. Na ɗaya baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ka iya shiga folda da fita, kwafe fayil, da tada firogiram daga can, musamman a Linux, ɗaya daga manhajojin da ke tafiyar da na'ura. Na biyu Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, shi ke ajiye tarihin duk canjin da ka yi wa kod ɗinka ya kuma ba mutane da yawa damar aiki a abu ɗaya, kwana biyu ko uku sun isa ka koyi na yau da kullum, ka buɗe GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, ka riƙa tura aikinka can. Wata biyun ƙarshe ka gina abu guda ƙarami naka na kanka wanda ba kwafe ka yi ba, ko da mai lissafa makin ɗalibai ne ko mai tace wani jadawali da kake wahala da shi a wurin aiki. Muninsa ba komai, ya yi aiki dai.

Na biyar, takardu

Tiranskirif ka nema da wuri don shi ne ya fi jinkiri. Jami'o'in Birtaniya masu tsauri 2:1 suke so, wasu suna karɓar 2:2 musamman in kana da gogewar aiki, wasu kuma suna son shaidar lissafi, to in ka taɓa yin ƙididdiga ko wani darasi mai lamba a digirinka ka nuna shi ƙarara. In ana buƙatar jarrabawar Turanci, IELTS 6.5 shi ne abin da aka fi gani, wasu 7.0. Wasiƙar shaida biyu ko uku, ka ba malaman aƙalla wata guda kuma ka tura musu siibi ɗinka da bayanin kwas ɗin don su san me za su rubuta. Da yawa a Birtaniya suna duba takardu ne yadda suke shigowa, in guri ya cika sun rufe, saboda haka wanda ya tura a Nuwamba ya fi wanda ya jira Mayu dama. In tallafi kake hari irin Chevening, shi sai kana da shekara biyu ta aiki kuma kusan shekara guda kafin fara karatu ake nema.

Takardar bayanin kai ita ce wurin da kake da iko. Kar ka buɗe da cewa tun kana yaro kake son kwamfuta, sun karanta wannan har sun gaji, kuma kar ka yi ta ba da haƙuri kan digirinka kamar laifi ka yi. Faɗa musu wace matsala ka ci karo da ita a fanninka da ta sa ka ga sai da kwamfuta, me ka riga ka yi a kai, ga satifiket ɗin CS50 ga adireshin GitHub, wane darasi a kwas ɗinsu ne zai cike maka giɓi, ka ambace shi da sunansa, sannan ina ka dosa bayan gamawa. Mai karantawa tambaya ɗaya ce a ransa, wannan zai iya gudun ko zai sare a wata na biyu, shirin da ka yi na wata shida shi ne amsarka.

Kuɗi kuma ka lissafa har da albashin da zaka rasa na shekarar, ba kuɗin makaranta da masauki kaɗai ba. In lissafin bai fita ba, wanda ake haɗawa da aiki na shekara biyu ko uku ko na intanet ba ƙasƙanci ba ne, wani lokacin ma ya fi zama a kai.

Na shida, bayan ka shiga

Sati shida na farko su ne masu zafi. Zaka ga wasu a ajin suna gama aikin lab cikin minti 20 kai ko farawa baka yi ba, kar wannan ya karya maka gwiwa, yawancinsu sun taɓa yi ne a baya, zuwa simesta ta biyu tazarar tana raguwa sosai. Dokar da zan ba ka ita ce kar ka bar sati ya wuce da abin da baka gane ba, domin darasin kwamfuta hawa hawa ne, wanda bai gane luf ba ba zai gane jeri ba, wanda bai gane jeri ba algoridim zai zame masa duhu. In ka maƙale awa ɗaya, rubuta abin da ka gwada da saƙon kuskuren da ya fito ka kai wa malami ko mataimakinsa a lokacin da suka ware, kunya ba ta da amfani a nan, kuma sau da yawa garin rubuta tambayar ma zaka gano amsar. Asayimen ranar da aka bayar ake farawa, kod ba kamar rubutun insha'i ba ne da zaka kwana ɗaya ka haɗa, kuskure guda zai iya cinye maka yini biyu.

Maganar kwafe, ka kiyaye ta da gaske. Akwai manhajoji irin su MOSS na jami'ar Stanford da ke gano kod mai kama da juna ko da an canja sunayen bariyebul, kuma kowane darasi yana da dokarsa kan amfani da ƙirƙirarriyar basira, ka karanta ta tun satin farko. Ku tattauna hanya da abokai, amma kowa ya rubuta nasa.

Abin da yake ba mutane mamaki shi ne neman aiki tun simesta ta farko ake farawa, manyan kamfanoni da yawa tsakanin Satumba da Disamba suke buɗe ɗaukar sabbin masu digiri na shekara mai zuwa, lokacin kai ko wata uku baka yi ba. To ka ware awa biyu ko uku a sati kana warware tambayoyin intabiyu a shafin intanet irin LeetCode, daga masu sauƙi. In kuma digirin dakta kake hari, ka sani mastas na sauya layi yawancin abin da ke cikinsa tushe ne, saboda haka furojet ɗinka ne zai yi maka magana, da kuma malamin da ya duba ka.

Na bakwai, furojet

Nan ne digirinka na farko zai dawo ya yi maka rana, da tsohuwar zuma ake magani. A gasar rubuta kod zalla wanda ya yi shekara huɗu zai riga ka, amma shi bai san yadda nas take rubuta bayanin majinyaci ba, bai san me lauya yake nema a cikin hukunci mai shafi 80 ba, bai san inda akanta yake kama kuskure ba, kai ka sani. Mai bayoloji ya yi aiki kan jerin DNA, mai nazarin harshe ya gina abin da ke gyara rubutu ko tantance kalmomi a harshen da ba shi da kayan aiki da yawa, mai labarin ƙasa ya haɗa taswira da data, malamin makaranta ya gina abin da ke nuna inda ɗalibai suka fi faɗuwa. A tsarin shekara ɗaya furojet daga Yuni zuwa Satumba ne, amma zaɓen batu da malami tun wajen Janairu zuwa Maris ake yi, to tun hutun Disamba ka rubuta shafi ɗaya: matsalar, wa take damu, data ɗin da zaka yi amfani da shi da inda zaka same shi, da yadda za a auna ko abin ya yi aiki. Ka tabbatar data ɗin yana hannunka kafin ka amince da batun, in kuma ya shafi mutane ko marasa lafiya sai an sami izinin kwamitin ɗa'a na jami'a, wannan kaɗai zai iya cin makonni, saboda haka da wuri ake cike shi. Ka yanke batun ya zama ƙarami yadda zuwa ƙarshen Yuli akwai abin da ke aiki ko da bai yi kyau ba, Agusta ta tafi a gwaji da gyara, rubutun kuma kar ka bar shi sai ƙarshe, duk Juma'a ka zauna ka rubuta shafi biyu na abin da ka yi a satin da dalilin da ya sa ka zaɓi wannan hanyar ka bar waccan.